Yadda Ake Yanke Shawarar Zama Ko Ƙaura Tsakanin Android Da iPhone

Abu biyu ne suka fi sa mutum ya fara tunanin rabuwa da tsarin da wayarsa take aiki da shi. Na farko shi ne tangarɗa, wato wayar ta riƙa daskarewa, ko ta ɗauki zafi, ko ta kashe kanta ta kunna, ko batirin da a da yake kai mutum dare ya koma ƙarewa kafin la'asar. Na biyu shi ne zargin cewa wayar tana kwasar bayanan mai ita tana miƙa wa wasu ba da saninsa ba. Daga nan sai mai Android ya fara tambayar farashin iPhone, mai iPhone kuma ya fara hangen Samsung ko Pixel ta Google. A ganina, mafi yawan waɗannan koke-koke ba daga tsarin kansa suke fitowa ba, suna fitowa ne daga tsufan waya, da manhajojin da aka cusa mata, da kuma kamfanin da ya daina aiko mata da gyara. Wanda ya sauya tsari kafin ya gano wannan yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago, bayan ya kashe kuɗi masu yawa.

Mataki na farko: gano inda matsalar take

Waya tana da hawa uku, kuma kowanne yana iya zama tushen damuwa. Akwai jikin wayar, wato batiri da ma'ajiya da sauran kayan ciki. Akwai tsarin da ke tafiyar da ita, sannan akwai manhajojin da ka ɗora da hannunka. A ɓangaren Android akwai wani ƙarin bayani da mutane da yawa ba su lura da shi, shi ne cewa kowane kamfani yana ɗaukar Android daga Google ya yi masa tasa rigar. Tecno tana da HiOS, Infinix tana da XOS, Samsung tana da One UI, Xiaomi kuma ta bar MIUI ta koma HyperOS. Tallace-tallacen da ke faɗowa a fuskar waya, da manhajojin da aka tarar a ciki waɗanda ba sa goguwa, galibi aikin wannan rigar ne, saboda haka wanda ya gaji da su yana iya samun sauƙi ta hanyar sauya kamfani kawai, ba tare da ya bar Android ba.

Fara da duba ma'ajiya. Wayar da hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp suka cika ta har saura kaɗan dole ta yi nauyi, ko wane iri ce. Ka shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ka goge abin da ba ka buƙata, ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ma'ajiyar a sake. Daga nan ka duba batiri. A iPhone akwai wurin da ake kira Battery Health a cikin Settings, kuma idan adadin ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100, batirin ya gaji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batiri don kada su riƙa mutuwa ba zato, lamarin da ya sa hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020. Sau da yawa sabon batiri mai kyau yana dawo da wayar da aka yanke wa ƙauna.

Gwajin da ya fi raba gardama a Android shi ne kunna wayar a yanayin da ake kira Safe mode. A yawancin wayoyi ana danne maɓallin kashewa, idan alamar kashewa ta fito a fuska sai a ɗora yatsa a kanta a riƙe har wayar ta nemi izinin sake kunnuwa. A wannan yanayi duk manhajar da ka sauke da kanka ba za ta yi aiki ba. Ka yi wuni guda da wayar a haka. Idan daskarewa da zafi da tallan sun tsaya, to laifin na wata manhaja ne, sai ka koma ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da waɗanda aka tura maka ta Xender ko aka saka maka a shagon caji, da masu da'awar wanke waya ko ƙara mata sauri, da kwafin WhatsApp na bayan fage irin su GBWhatsApp. Idan matsalar ta ci gaba ko a wannan yanayin, sai ka adana bayananka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Wadda ta ƙi gyaruwa bayan wannan ce kaɗai za a iya cewa laifin na tsarin ne ko na jikinta.

Mataki na biyu: duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe

Wannan ne ma'aunin da na fi ba wa muhimmanci, kuma minti ɗaya ya isa a duba shi. A Android ka shiga Settings, ka gangara About phone, ka nemi inda aka rubuta Android security update. Za ka ga kwanan wata. Idan ya wuce shekara guda, kuma ka nemi sabuntawa wayar ta ce babu, to kamfanin ya saki hannunta, kuma duk ɓarakar da aka gano tun daga wannan rana tana nan a buɗe.

Al'adar fitar da gyaran tsaro kowane wata ta samo asali ne a 2015, lokacin da aka bankaɗo wata ɓaraka mai suna Stagefright, wadda ta ba da damar yi wa wayar Android kutse ta hanyar saƙon bidiyo kawai. Google yana fitar da gyaran, amma kamfanin da ya ƙera wayar ne ke da alhakin isar da shi, kuma nan ne bambanci yake. Google ya yi wa Pixel 8 da ta fito a 2023 alkawarin shekara bakwai, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irin wannan alkawari a 2024, har ma ya ba wa Galaxy A16 mai sauƙin kuɗi shekara shida. Apple ya saba riƙe iPhone shekara shida zuwa bakwai, kuma gyaransa yana isa ga kowa a rana ɗaya saboda babu wani kamfani a tsakani. Ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a kuwa ba kasafai suke samun rabin wannan ba.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa tun daga cikin kwali. A 2020 masu binciken tsaro na Secure-D sun ba da rahoton samun muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, tana yi wa mutane rajistar ayyukan biyan kuɗi a ɓoye tana cinye musu data. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce wani daga cikin masu kawo masa kaya ne ya shigar da ita, ya kuma fitar da gyara. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne ya tambayi shekarun sabuntawa kafin ya tambayi girman kyamara.

Mataki na uku: fayyace wanda kake gudu

Kalmar sirri tana da faɗi, kuma maganin kowane ɓangare daban ne. Idan damuwarka ita ce kamfanonin talla da ke bibiyar abin da kake yi, iPhone tana da ɗan fifiko na gaske. Tun daga iOS 14.5 a Afrilun 2021, dole kowace manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawunka zuwa wasu manhajoji, kuma kuɗin shigar Apple ya fi dogara ga sayar da na'urori, alhali na Google ya dogara ga talla. Duk da haka babu wanda hannunsa yake da tsabta gaba ɗaya. A Nuwambar 2022 Google ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 kan zargin ci gaba da tattara bayanan wurin da mutane suke bayan sun ɗauka sun kashe. A Janairun 2025 Apple ma ya amince ya biya dala miliyan 95 don kashe ƙarar da ta zargi Siri, wato mataimakiyar murya ta iPhone, da naɗar maganganun mutane ba da nufinsu ba, ko da yake bai amsa laifi ba. Sannan wanda ya koma iPhone ya sake ɗora Gmail da Chrome da Facebook da TikTok, ya kuma danna amincewa ga duk abin da suka nema, ya kwaso masu bibiyarsa ne ya kai su sabon gida.

Idan damuwarka manhajoji ne masu wuce gona da iri, misalin da kowa ya sani a Najeriya shi ne manhajojin ba da bashi, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi suna aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci. Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023, amma dokar tana aiki ne a kan abin da aka sauke daga Play Store kawai. Maganin wannan yana hannunka, ba ya buƙatar sabuwar waya.

Idan kuwa wanda kake tsoro na kusa ne, kamar ɓarawo ko mai gyara ko wani a cikin gida, to makullin fuska mai ƙarfi da lambar sirri a kan katin SIM sun fi sauyin tsari amfani nesa ba kusa ba. Rukuni na ƙarshe shi ne 'yan jarida da lauyoyi da masu fafutuka da ke iya fuskantar kayan leƙen asiri irin Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila, wanda aka samu a iPhone da Android duka. Su suna buƙatar waya mai samun gyara a kan lokaci, tare da kunna Lockdown Mode da Apple ya kawo a 2022, ko Advanced Protection da ya zo da Android 16.

Mataki na huɗu: ɗaure wayar da ke hannunka tukuna

Kafin ka kashe ko sisi, ka ware awa guda ka bi izinin da ka ba wa manhajoji. A Android 12 zuwa sama akwai Privacy dashboard, wanda ke nuna manhajar da ta taɓa kyamara ko makirfo ko wurin da kake a cikin awa 24 da suka wuce. A iPhone kuma akwai App Privacy Report. Duk tsarin biyu suna nuna ɗan ɗigo a saman fuska idan kyamara ko makirfo na aiki. Ka tambayi kanka dalilin da zai sa manhajar tocila ko ta lissafi ta nemi lambobin mutanenka, sannan ka janye izinin. Wurin da kake kuma ka bar shi ga taswira da manhajar sufuri kaɗai, su ma sai lokacin da kake amfani da su.

A Android ka nemi sashen Ads a cikin saiti ka goge lambar talla, ka shiga asusunka na Google ka sa ya riƙa goge tarihin ayyukanka da kansa bayan wata uku, ka tabbatar Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji, a kunne yake. A iPhone ka shiga Tracking ka kashe damar neman bibiya baki ɗaya. A WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lamba shida, ka kuma kulle ajiyar hirarrakinka da kalmar sirri, domin ajiyar da ke Google Drive ko iCloud ba ta samun cikakken kulle sai ka kunna shi da kanka. Kada ka manta da lambar sirrin layi. Ɓarawon waya a yau sau da yawa layin yake nema, saboda da shi ake shiga asusun banki ta gajerun lambobin kira. Sai dai ka tanadi lambar PUK ɗinka, wato lambar buɗe layin da ya kulle, kafin ka fara, domin kuskure uku yana kulle layin.

Ka yi mako biyu da wayar bayan wannan gyara. Mutane da yawa a nan maganar ƙaura take mutuwa.

Mataki na biyar: yi lissafin abin da za ka rasa

Idan har yanzu kana kan bakanka, to ka zauna da takarda. Manhajar da ka saya a Play Store ba ta bin ka zuwa App Store, haka ma akasin hakan. iPhone ba ta da gurbin memori, ba ta kama rediyon FM, wanda ga mai sauraron labaran safe a wurin da data ke wahala ba ƙaramin rashi ba ne. Kuɗin canza fuskarta ya fi na yawancin wayoyin Android, kuma caja ta bambanta a samfuran da suka gabaci iPhone 15, wadda ita ce ta fara amfani da USB-C a 2023. Mai layi biyu ya lura sosai: yawancin iPhone suna ɗaukar kati ɗaya ne da eSIM, wato layin da ake ɗorawa a cikin waya ba tare da kati ba, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka kuma tun daga iPhone 14 ba su da gurbin kati ko ɗaya. Wanda zai bar iPhone shi ma zai rasa iMessage da FaceTime da AirDrop, agogon Apple Watch ɗinsa kuma ba zai yi aiki da Android ba.

Ga mai sayen ta hannu a Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya, akwai abubuwan da ba a ɗaga ƙafa a kansu. Ka sa mai sayarwa ya goge wayar a gabanka, ka kunna ta da kanka har ka wuce wurin shigar da asusu, domin wadda ke kulle da iCloud ɗin wani ko asusun Google na wani ba ta da amfani gare ka, kuma mai yiwuwa ta sata ce. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin rasit. Ka saka layinka ka yi kira don tabbatar da ba a ɗaure ta da wani kamfanin sadarwa na waje ba. Mafi muhimmanci, ka ƙirga shekarun da suka rage mata na sabuntawa. Tsohuwar iPhone da Apple ya daina ba wa sabon iOS ba ta fi sabuwar Android mai samun gyara tsaro ba, komai kwarjinin sunanta.

Akwai hanya ta uku ga masu ƙwarewa, wato goge tsarin kamfani a ɗora wani kamar GrapheneOS, wanda ke aiki a kan Pixel, ko LineageOS da ke karɓar wayoyi da dama. Suna rage hannun Google sosai, amma buɗe makullin wayar yana goge komai, yana iya soke garanti, kuma wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa a kansu. Ba na ba wa mai waya ɗaya tilo da yake kasuwanci da ita shawarar gwada wannan.

Mataki na shida: ƙaurar kanta

Kada ka sayar da tsohuwar waya don cika kuɗin sabuwa kafin ka gama kwashe kaya, domin duk hanyoyin da ke aiki suna buƙatar wayoyin biyu a wuri ɗaya. Ka fara da tabbatar da ka san kalmar sirrin imel ɗinka da ta asusun Google ko Apple, ka rubuta su a takarda ka ɓoye. Mutane da yawa wani ne ya buɗe musu asusun a shago shekaru da suka wuce, kuma ba sa gane ba su san kalmar ba sai ranar da suka buƙace ta. Ka duba ko lambobinka suna cikin asusu ne ko a kan katin SIM ko a jikin waya, ka tattara su wuri ɗaya. Idan kana amfani da manhajar lambobin shiga irin Google Authenticator, ka kwashe su zuwa sabuwar waya tun tsohuwar tana raye.

Daga Android zuwa iPhone ana amfani da manhajar Move to iOS. Sharaɗinta shi ne iPhone ɗin ta kasance sabuwa ko gogaggiya, domin a lokacin saitin farko ne kawai zaɓin ke fitowa. Ka jona wayoyin biyu a caji, iPhone za ta nuna lamba, ka shigar da ita a Android, sannan ka zaɓi lambobi da saƙonni da hotuna da WhatsApp. Wannan na ƙarshe yana buƙatar kulawa, saboda ajiyar WhatsApp da ke Google Drive ba ta buɗuwa a iPhone, ta iCloud ma ba ta buɗuwa a Android. Ta Move to iOS ɗin ne hirarrakin suke tsallakawa, kuma dole lambar wayar ta kasance ɗaya. Kada ka taɓa ko ɗaya daga cikin wayoyin har sai layin da ke tafiya a fuskar iPhone ya cika, ko da Android ta nuna ta gama. Waƙoƙi da karatuttuka da littattafan PDF kuma sai ka kwashe su da hannu ta kwamfuta.

Daga iPhone zuwa Android, kebul ya fi sauri da tabbas. Samsung yana da Smart Switch, sauran kuma suna ba da zaɓin kwafa a saitin farko. Kafin ka cire layi ka kashe iMessage da FaceTime, in ba haka ba saƙonnin da masu iPhone ke aiko maka suna iya ci gaba da tafiya can ba ka gani. Ka kuma lura cewa idan ka kunna zaɓin rage nauyin hotuna, ainihin hotunan suna iCloud ne, ƙananan kwafi kawai ke cikin wayar. Ko dai ka sauke su duka tukuna, ko ka nemi Apple ta shafinsa na bayanan sirri ya tura su zuwa Google Photos, abin da ke ɗaukar kwana uku zuwa bakwai.

Manhajojin banki ba sa ƙaura, sai an sake ɗora su an yi rajistar sabuwar na'ura, wasu bankunan ma sai an je reshe. Saboda haka kada ka fara wannan aiki ranar Juma'a da yamma ko ana gobe Sallah. Ka soke duk wani biyan kuɗi na wata-wata da ke tafiya ta tsohon shagon manhajoji, domin barin wayar ba ya dakatar da cirar kuɗin.

Mataki na bakwai: sallamar tsohuwar waya

Ka riƙe ta mako guda ko biyu a kashe, kana duba ko akwai abin da bai tsallaka ba, musamman saƙonnin murya da takardun da aka turo maka da bayanan da ka rubuta a manhajar rubutu. Idan ka gamsu, ka cire layi da memori. A Android ka fara cire asusun Google daga saiti kafin ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, domin idan ka goge ta da asusun a ciki za ta iya neman kalmar sirrinka a hannun wanda ya saya. A iPhone ka fita daga iCloud, wanda zai kashe Find My mai gano wurin da wayar take, sannan ka zaɓi goge komai. Bayan haka ka shiga asusunka na Google ko Apple daga sabuwar waya, ka buɗe jerin na'urorin da ke da izinin shiga, ka cire sunan tsohuwar, ka yi haka kuma a Facebook da imel da sashen na'urorin da aka haɗa a WhatsApp.